A Bar Mai Baƙin Ciki Ya Riƙe Makirufo

Akwai wata shawara da ake yawan ba masu zuwa karaoke a Japan: wai kada ka zaɓi waƙar baƙin ciki, za ka kashe wa mutane taro. Wai an zo ne a yi tafi, a kaɗa kacau-kacau, kowa ya koma gida da dariya. Ni ina ganin shawarar banza ce, kuma masu ba da ita ba su san abin da ya fara tara mutane a gaban injin nan ba.

Sunan ma ya isa shaida. A Japananci "kara" na nufin wofi, "oke" kuwa gutsuren kalmar da suke kiran ƙungiyar makaɗa ne. Kiɗa ne da aka zare muryar mawaƙi aka bar gurbi, kowa ya zo ya cika da abin da ke cikinsa. Lokacin da Inoue Daisuke ya fara raba injinansa a mashayun birnin Kobe a 1971, ma'aikatan da suka taso daga ofis ne ke jefa kuɗi a ciki, kuma yawancin abin da suke rerawa waƙoƙin enka ne da danginsu: rabuwa, kewar gida, tashar jirgin ruwa cikin sanyi. "Kanashii Sake" ta Misora Hibari, ta 1966, an san ta da cewa mawaƙiyar kan zubar da hawaye tana rera ta. "Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki" ta Ishikawa Sayuri, ta 1977, labarin mace ce da ta bar masoyinta ta hau jirgin dare daga Tokyo ta nufi arewa. A kan irin waɗannan aka gina karaoke. Yanzu kuma a ce su ne baƙi a gidan?

Wannan ɗabi'a ta rufe kuka da murmushi ta taɓa yi wa Japan ɓarna a idon duniya. A 1961 Sakamoto Kyu ya fitar da "Ue o Muite Aruko", waƙar mutumin da ke tafiya shi kaɗai da dare, ya ɗaga kai sama don kada hawayensa su zubo. Da ta isa Turai da Amurka sai ƴan kasuwa suka raɗa mata "Sukiyaki", sunan wani abincin naman shanu, don ya yi sauƙin faɗa. Ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a 1963, miliyoyi suka yi ta feɗuwa da ita ba su san kuka ake ba. Wanda ke hana waƙar baƙin ciki a karaoke abin da yake so ke nan: a bar masa daɗin kiɗan, a ɓoye masa ciwon.

Kada kuma a ce abin tsofaffi ne. Utada Hikaru tana da shekara 16 ta fitar da faifan "First Love" a 1999, wanda har yau babu faifan da ya fi shi ciniki a Japan, kuma waƙar da ke ɗauke da sunan ta rabuwa ce. Moriyama Ryoko ta rubuta baitocin "Nada Soso" don yayanta da ya rasu. Yonezu Kenshi yana cikin haɗa "Lemon" kakansa ya rasu, kuma waƙar ta zo ta ɗaya a jadawalin shekara na Billboard Japan a 2018, ta sake a 2019. Jama'a da kansu suka zaɓa, ba wanda ya tilasta musu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Japanawa suna bambanta "tatemae", fuskar da ake nuna wa jama'a, da "honne", abin da ke cikin zuciya. Mutumin da ba zai iya ce wa abokin aikinsa "ina cikin damuwa" ba, yana iya aron baitin wani ya faɗa cikin minti biyar, ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Wanda ya ce masa ya canza waƙa ya toshe masa ƙofar da ta rage.

Na yarda akwai ladabi. Wanda ya ƙwace makirufo a walimar ƙarshen shekara ya jera waƙoƙin makoki uku ya shiga haƙƙin mutane. Amma laifinsa son kai ne, kuma da waƙoƙin rawa ya jera ma laifin bai canza ba.

Haka nake kallon injinan ba da maki irin na DAM, masu auna daidaiton murya da kaɗawarta. Muryar da ta karye a tsakiyar baiti maki take rasawa, alhali sau da yawa nan ne mai waƙar ya faɗi gaskiya. Idan abokinka ya zaɓi waƙar da ta sa ɗakin ya yi tsit, ka ajiye kacau-kacau ka saurare shi. In an fito, ka tambaye shi lafiya.