Hanyar Anka zuwa Gummi: Ma'aunin zaman lafiyar Zamfara

Wanda ya taso daga Gusau ya saki titin Sakkwato a mararrabar Mayanchi, zai ratsa Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, ya bi ta ƙasar Bukkuyum da Daki Takwas har Gummi. Da damina, hanyar abin kallo ce: duwatsu jefi-jefi, kwazazzabai cike da ruwa, gonakin gero da dawa iya ganinka, ga fadamun Gulbin Zamfara shar da shinkafa.

Sai dai yau fasinja ba ya kallon waɗannan. Idonsa na kan daji, bakinsa na addu'a, direba kuma na sauri kada la'asar ta riske shi.

Yankin ya sha wuya. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta. A Janairun 2022 'yan bindiga suka yi kisan kiyashi a ƙananan hukumomin biyu. A 2024 ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu.

Agaji, magani, taki da hatsi na bi ta wannan titin. Don haka wajibi ne gwamnatin tarayya da ta Gwamna Dauda Lawal su girke jami'an tsaro na dindindin a kansa, su kuma cike ramukan da ke tilasta wa motoci tafiyar hawainiya a tsakiyar daji.

Ranar da direba zai bar Gummi bayan magariba ba fargaba, ranar za a yarda tsaro ya samu.