Ido Ne Ke Gani Ko Ƙwaƙwalwa?

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. To amma, ya kai ɗan'uwa ɗalibi, shin mene ne ke yin ganin?

A shekarar 1985, Anthony Barker na birnin Sheffield a Ingila ya ƙera wata na'ura da ake ɗorawa a kai, tana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba. A 1989, Amassian da abokan aikinsa a Amurka suka ɗora ta a ƙeyar mutane, inda sashen gani yake. Da an haska musu haruffa, kafin ƙiftawar ido sai a kunna na'urar, sai su kasa karanta haruffan, alhali idanunsu garau. Ashe ido ɗan aike ne kawai!

Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken 1997. An yi wa waɗanda suka makance tun suna ƙanana irin wannan gwaji suna karatu da yatsa, sai karatun ya rikice. Wato sashen ganinsu bai mutu ba, ya koma yi wa yatsa aiki.

To, don me daga unguwarmu Madaki har babbar kasuwar Gombe, ƙoƙon bara muke miƙa wa yaro makaho? An buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. A ganina, alhakinmu ne mu ɗaliban Hausa mu mayar da littattafanmu, irin su Magana Jari Ce, zuwa rubutun makafi. Ƙwaƙwalwarsu a shirye take, littafi take jira.