Rubella: Allurar da ake yi wa yaro domin jaririn da ke ciki

A watan Oktoban 2025 Najeriya ta fara yi wa yara 'yan wata 9 zuwa shekara 14 allurar rigakafin ƙyanda da rubella a haɗe, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Ƙyanda kowa ya san ɓarnarta. Rubella kuwa ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana uku, wani ma ba ya sanin ya yi ta. Shi ya sa uba zai iya cewa, mene ne abin allura a nan?

Amsar tana jikin mai juna biyu. Idan mace ta kamu a watanni ukun farko, lokacin da ake halittar ido da kunne da zuciyar ɗan tayi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar cutar ta kai ga abin da ke cikinta ya kai kashi 90 cikin 100. Cikin na iya zubewa, ko a haifi jariri da kurumta, yanar ido ko huji a zuciya. Tun 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya gano wannan alaƙa. Ba iska ba ce, ba maita ba, kuma ba laifin uwar ba ne.

Matsalar ita ce ba a yi wa mai ciki wannan allura, kuma cutar ba ta da magani. Ranar da ta je awo Babban Asibitin Ringim, dama ta riga ta wuce. Tun ran gini ran zane.

A gidajenmu kuwa, mai ciki tana kwana tana tashi cikin yara, nata da na kishiya da na maƙwabta. Tari ko atishawar ɗayansu ya isa. Don haka har yara maza sai an yi musu. Yarinya 'yar 14 kuma, bayan 'yan shekaru ita ce amarya. Allura ɗaya tana ba da kariyar da ta haura kashi 95.

Masarautar Ringim tana da hakimai da dagatai da limamai daga Taura zuwa Garki da Babura. Su gaya wa magidanta wannan dalili a fili, a huɗuba da wajen suna. Kai kuma maigida, duba katin rigakafin yaranka. Wanda aka tsallake, a kai shi asibiti mafi kusa a tambaya, musamman idan akwai amarya a gidan.