Mun Wulaƙanta Masu Saƙar Kaba

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga masu hali sun jera kujerun saƙar ratan na Indunusiya a barandar gidajensu, sun biya ko nawa aka yanka musu ba tayi. Amma bari wata tsohuwa ta aiko jikarta da faifai, sai ka ji ana cewa, "Haba, ɗan wannan abin? Rage mana." Wallahi wannan zalunci ne.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai saƙa ba, bai san wahalar ba. Sai ta tsaga kaba siri-siri, ta rina, ta jiƙa don kada ta karye, sannan ta riƙa naɗa ta a kan ciyawa tana sokawa da basilla, zagaye bayan zagaye, har yatsu su yi kanta. Kwanaki take yi a kan faifai ɗaya mai zane. Kuɗin da za a miƙa mata ko cefanen yini ba zai yi ba. Don me 'yarta za ta gaji sana'ar?

Su mutanen Indunusiya ai ba da ka suka kai inda suke ba. Daga farkon 2012 gwamnatinsu ta hana fitar da ɗanyen ratan, don aikin ya tsaya a hannun masaƙansu na garuruwa irin su Cirebon. Mu fa? Goribar da ke ba mu kaba, daga fadamun Haɗeja da Nguru har Gulbin Kaba a jihar Maraɗi, sara ake yi ba dasawa. Ana yanke ƙananan tun ba su tasa ba, gona kuma tana cinye sauran. Tabarmar roba ta kori ta kaba daga zaure da masallaci, alhali kowa ya san yadda take ɗaukar zafi a watan bazara, kuma in ta yage sai dai bola. Adudu da asabari kuwa, yaran birni da yawa ko sunansu ba su sani ba.

Kada wani jami'i ya sake kawo mana rumfar baje kolin al'adu ta kwana biyu, a ɗauki hoto a watse. A killace dazukan goriba, a dasa sababbi. Otal-otal da ofisoshin gwamnati su sayi kayan saƙa kai tsaye daga hannun matan nan, ba ta hannun dillali ba. Kai kuma da za ka shiga Kasuwar Kurmi haɗa kayan ɗakin 'yarka, ka biya kuɗin faifai yadda aka faɗa maka.