WAI DA TURANCI AMINA TA CI NUFE?

Ina neman aron wannan fili don in amayar da wata magana da ta tsaya mini a wuya. Magana ce a kan finafinai biyu da na kalla cikin mako guda a hutun da ya wuce. Na farko shi ne Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarninsa, aka sake shi a Netflix cikin watan Nuwamba 2021. Na biyu kuwa Shaihu Umar, wanda marigayi Adamu Halilu ya yi tun 1976. Tsakaninsu shekara 45 ke nan, kuma duka biyun labarin ƙasar Hausa ta dā suke bayarwa. Na farkon ya fi kyan hoto, ya fi kayan aiki na zamani, ya kuma fi yawan 'yan kallo nesa ba kusa ba. Amma a cikin na biyun ne kaɗai na ga mutanen da na sani. Abin da ya raba su shi ne harshe, kuma a kan harshen nan nake da ƙorafi.

Bari mu fara da ita Amina. Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin Hausawa ya san cewa ba tatsuniya ba ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, watau wajen 1421 zuwa 1438, ya nuna ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta kuma yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a cikin Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana kuma sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 16 ta yi zamani, 'yar Bakwa Turunku ce, yayar Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Har gobe akwai tsofaffin ganuwoyi da ake jingina mata a garuruwa da dama. Wannan ita ce matar da aka ɗauko, aka ɗora a kan doki, aka ba ta takobi, sa'an nan ta buɗe baki sai ga Turanci yana zuba.

Ba ita kaɗai ba. Sarki da Turanci yake hukunci, fadawa da Turanci suke ƙulle-ƙullensu, mayaƙa da Turanci suke cika baki. Hausa kuwa sai jifa-jifa, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. Tun ban kai rabin fim ɗin ba na tambayi kaina: shin wannan fada ta Zazzau ce, ko kuwa wata fada ce ta ƙasar Rum aka naɗa wa rawani?

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai labari labari ne ko da wane harshe aka ba da shi. Mai faɗin haka bai taɓa zama a fada ba. Fadar Bahaushe da magana aka gina ta kafin a gina ta da tubali. Talaka ya zube ya yi gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe ko Allah ya ja zamaninka, sarki bai ce uffan ba, dogarai su amsa masa da cewa sarki ya gaishe shi. Wannan shirun na sarki shi ne mulkin. Bafade ba ya ce wa sarki ya yi kuskure, sai ya bi ta bayan gida da karin magana ko habaici, mai hankali ya gane, wawa ya yi dariya. Madaki da Galadima da Wambai da Iya, kowanne da kirarinsa da takensa da mazauninsa. Maroƙi da zuga yake sa jarumi ya manta da mutuwa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma a cikin wannan alkunyar ake gane ƙaunar da baki bai furta ba. To, ka kwashe duk wannan ka zuba a Turanci, me zai rage maka? Sai doki da rawani da mutane suna yi wa juna tsawa.

Ga misali ɗaya da zai ishi mai hankali. Filin damben da na gani a fim ɗin ya fi tuna mini da filayen da Rumawa ke haɗa bayi faɗa a finafinan Amurka, bisa ga damben da muka sani, wanda asalinsa wasan mahauta ne na lokacin kaka, da kiɗan kalangu da kirari da hannu ɗaya naɗe da zare. A bakin 'yan dambe, in an ce wane ya yi kisa, ana nufin ya kai abokin karawarsa ƙasa. Wanda aka kashe ɗin zai tashi ya kakkaɓe jikinsa, gobe ma ya dawo fili. Amma wanda bai san harshen ba, in aka fassara masa kalmar ɗanya, gawa zai shiga nema. Haka al'ada take lalacewa in an raba ta da harshenta: kalma ɗaya ta zame, wasa ya koma yanka.

Yanzu mu juya ga Shaihu Umar. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, daga baya Adamu Halilu ya mai da shi fim, Umaru Ladan ɗin kuma shi ya fito a matsayin Shaihun. Ba zan ɓoye ba, fim ne mai tafiyar hawainiya, ya haura awa biyu, kuma wanda ya saba da harbe-harbe zai yi hamma. Amma daga lokacin da malamin ya zauna gaban almajiransa ya soma ba su labarin asalinsa, sai na ji kamar a zauren gidanmu nake. Yadda ake sallama, yadda ake amsawa, yadda mahassada suka yi wa Makau zagon ƙasa a gaban sarki har aka kore shi daga gari, yadda uwa ta bar kowa da komai ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi aka ƙetara Sahara da ita, duk da harshen da abin ya faru aka faɗe su. Ban bukaci kowa ya gaya mini cewa waɗannan Hausawa ne ba.

Kada kuma a ce don ya yabe mu ne na so shi. Ko kusa bai yabe mu ba. Ya nuna kakanninmu suna kai hari ƙauyuka suna kama mutane, suna sayar da su kamar awaki. Amina ce ma aka yi don a yabe mu, aka nuna mana jaruma mai cin garuruwa. Duk da haka zargin da aka yi mini da harshena ya fi shiga raina bisa ga yabon da aka yi mini da harshen aro, don zanen aro ba ya rufe katara.

Na san hujjar da za a kawo, watau kasuwa. Za a ce fim kuɗi yake ci, in an yi shi da Hausa mutanen Ikko da na Ingila ba za su kalla ba. Wannan hujja ta mutu tun kafin a haife ta. Wata biyu kafin fitowar Amina, a Satumba 2021, a kan wannan Netflix ɗin dai aka saki Squid Game da harshen Koriya, duniya kuma ta yi ca a kansa tana karanta fassara a ƙasan hoto. Kafin nan, a 2020, Parasite, shi ma da harshen Koriya, ya cinye babbar kyautar gasar Oscar a Amurka. Mu dawo gida. A 2019 Nijeriya ta aika da Lionheart na Genevieve Nnaji zuwa wannan gasa, a rukunin finafinan ƙasashen waje, aka cire shi saboda Turanci ya yi masa yawa, don harshen Ibo da ke cikinsa bai wuce minti 12 ba a fim mai tsawon fiye da awa ɗaya da rabi. Da aka tashi aikawa a shekara mai bi, sai aka ɗauki The Milkmaid, wanda akasarinsa da Hausa ne. A 2024 kuma aka aika da Mai Martaba, shi ma da Hausa. Abin dariya, abin kuka: Turawan da muke wahalar da harshenmu don mu burge, su ne suka ce mu koma mu zo da namu.

Daɗin daɗawa, ku leƙa wayoyin ƙannenku ku gani. Finafinan Indiya ne cike, an fassara su da Hausa, jaruman Mumbai da na kudancin Indiya suna zuba karin magana da baƙar magana kamar haifaffun Fagge. Ashe Ba'indiye ya iya Hausa, Amina 'yar Bakwa ce ba ta iya ba!

Akwai kuma masu mai da maganar ta ƙabilanci, su ce ai dama wanda ba Bahaushe ba bai kamata ya taɓa tarihinmu ba. Ban yarda da wannan ba ko alama. Dexter Lyndersay mutumin Tirinidad ne, amma da hannunsa a cikin wasan Shaihu Umar. Desmond Ovbiagele, mai The Milkmaid, ba Bahaushe ba ne, amma ya bar mutanen labarinsa suka yi magana da bakinsu. Izu Ojukwu ma ya cancanci a yaba masa ta wani fannin, don ya ga daraja a labarin da mu muka bari yana shan ƙura. Ba asalin mai yin fim nake tuhuma ba, shawarar da ya yanke a kan harshe nake tuhuma. Kuma ba a rasa 'yan wasan da za su iya ba, tun da Ali Nuhu kansa yana cikin fim ɗin, ga shi nan yana Turanci tare da sauran.

Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun daga Turmin Danya a 1990 ake yin finafinan Hausa na bidiyo a Kano, yau fiye da shekara 30, an yi dubbai. Nawa ne daga cikinsu suka tsaya tsakani da Allah a kan tarihi? Mun ƙare a saurayi ɗaya da 'yan mata biyu, da rawa da waƙa a gindin furanni irin na Indiya. In ma an shiga fada, sai a mai da ita wurin soyayyar yarima da baiwa. A finafinai masu dogon zango na yanzu kuwa, alamar mai ilimi ita ce ya kasa haɗa jimla ɗaya ba tare da ya tsoma Turanci ba, tsantsar Hausa an bar wa mai gadi da ɗan ƙauye da boka. Da wane baki za mu zargi baƙo don ya hana Amina Hausa, alhali mu kanmu mun hana likita da lauya ita a finafinanmu? Ga Bayajida, ga Muhammadu Rumfa, ga Muhammadu Korau, ga Kanta na Kabi, ga Nana Asma'u, ga mutanen Satiru na 1906, duk suna jiran mai ɗauka. Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, sai da Med Hondo ya taso daga Muritaniya ya yi fim ɗinta a 1986.

Mu ɗaliban Hausa kuwa namu laifin ya fi na kowa. Kowace shekara muna rubuta kundaye a kan sarautu da kirari da dambe da waƙoƙin fada, a ba mu maki, a jera su a kanta, gara ta gaje su. Ko Shaihu Umar ɗin da nake yabo, shekaru ya yi a yashe a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, sai a 2016 aka gano faya-fayansa, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Watau mutanen Jamus sun kalle shi fes kafin yawancinmu mu san yana nan. Ku tambayi 'yan ajinku, mutum nawa ne suka taɓa ganinsa?

Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu da abu uku. Na ɗaya, a nemo tsofaffin finafinanmu irin su Shaihu Umar da Ƙasarmu Ce da Kulɓa Na Ɓarna, a riƙa nuna su kowane zango, a kuma yi muhawara a kansu. Na biyu, malamanmu su yarda ɗalibi ya rubuta wasan fim na tarihi a matsayin kundin kammala karatu, da sharaɗin ya yi bincike a fada da bakin tsofaffi kamar kowane kundi. Na uku, a koya mana fasahar rubuta fassara a ƙasan hoto, daga Hausa zuwa Turanci da Faransanci da Larabci, don kada wani ya sake fakewa da cewa duniya ba za ta gane ba.

Wanda bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki, fitowa ta gaba tana jiran alƙalaminsa. Ni dai matsayina shi ne, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma duk al'ummar da ta bari aka fassara mata kakanninta, wata rana sai an fassara mata 'ya'yanta. Allah ya sa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.