Wasiƙa ga Maɗoran Kabi: A Tambayi Yatsu Kafin a Ɗaura Kara

Zuwa ga dattawan sana'ar ɗori na Birnin Kebbi da Argungu da garuruwan bakin Gulbin Rima. Allah ya ƙara wa Sarakunan Ɗori lafiya, ya yi wa gado albarka.

Masuncin da ya taɓa cusa hannu cikin homa a Matan Fada ya ci karo da minjirya, ba sai an yi masa bayanin yadda lantarki ke ratsa jikin mutum ba. Kafin ya ankara abu ya tsarga masa daga yatsu har kafaɗa, hannu ya sage. Wutar babbar minjirya takan fi ta soket ɗin ɗaki ƙarfi. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851, ya feɗe wannan kifi ya wallafa abin da ya gani a 1857: duk wutar nan, zaren jijiya ɗaya tak ne ke ba ta umarni a kowane ɓarin jikin kifin.

Abin da ya kawo kifi cikin zancen ɗori shi ne, irin wannan zare yana kwance a gefen kowane ƙashi da maɗori ke ja. Hausa kuwa ta haɗa abu uku a kalma ɗaya. Mai ɗauke da jini jijiya ce, agarar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, farin zaren da ke kai saƙo shi ma jijiya ne. Maɗori da yatsa yake gani, ita kuma ta ukun ba ta bugawa kamar ta jini, ba ta da tauri kamar agara. Sai ta lalace ake sanin tana wurin.

Ƙwaƙwalwa ce fadar, da ƙwayoyin saƙo kusan biliyan 86. Daga ƙeya laka ta sauko ta cikin ramin ƙashin baya, tsawonta kamu guda, wajen santimita 45, kaurinta bai fi ƙaramin yatsa ba. Jijiyoyi 31 ne ke fita daga kowane gefenta suna rassa har ƙarshen yatsu. Wasu zaruruwan umarni suke kai wa tsoka, wasu labari suke dawowa da shi: zafi, sanyi, taɓi, ciwo. Mafi sauri a cikinsu kan ci fiye da mita 100 a daƙiƙa guda. Manomin da ya taka ƙaya a fadama, ƙafarsa kan ɗage kafin ya san abin da ya taka, domin laka ta yanke hukunci tun labarin bai isa fada ba.

Mai wannan wasiƙa ba ya cikin masu raina ɗorin gida. Maɗori yana kusa, yana karɓar abin da ya samu, kuma ƙasusuwan da suka haɗu a zaurensa ba su ƙirguwa. Roƙon a kan wurare kaɗan ne inda ƙashi da jijiya suka yi maƙwabtaka.

Na farko damtse. Akwai jijiyar da ta nannaɗe ƙashin damtse ta baya, ita ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. Cikin mutum goma da suka karye a tsakiyar wannan ƙashi, kusan ɗaya jijiyar takan taɓu, hannu ya langaɓe. Yawancinsu sukan farfaɗo da kansu cikin 'yan watanni. Amma idan ɗan acaɓan da aka kwaso daga hanyar Jega ya shigo yana ɗaga hannunsa, aka ja aka daidaita, sannan hannun ya faɗi, to mai yiwuwa jijiyar ta maƙale tsakanin bakunan ƙashi biyu. Man kaɗe ba ya fito da ita. Wannan na asibiti ne a ranar.

Na biyu, wanda ya fi ɗaga hankali, gwiwar hannun yaro. Lokacin mangwaro ne, yaro ɗan shekara bakwai ya faɗo ya dafa ƙasa, aka kawo shi da la'asar. Maɗori ya lallaɓa, ya ja, ya jera kara, ya naɗa tsumma tamau. Aiki ya yi kyau a ido. Sai dai kumburi yakan ci gaba da hawa kwana biyu zuwa uku, kara kuwa ba ya buɗewa. Da dare ya yi nama ya cika ɗaurin, jini ya daina isa tsoka da jijiya. Yaro ya yi ta tsala ihu, uwa ta rasa inda za ta sa kanta, wani dattijo ya ce a yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Cikin kamar awa shida tsokar da ba ta samun jini takan fara mutuwa. Da asuba yaron ya yi shiru, gida ya yi hamdala, alhali shirun na nufin jijiyar da ke kai kukan ce ta daina aiki. Bayan watanni ƙashi ya haɗu sumul, yatsu kuwa sun lanƙwashe kamar faratan shaho, ba riƙe alƙalami, ba riƙe lauje. Tun 1881 wani likitan fiɗa Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan naƙasa ya kuma ɗora laifin a kan ɗauri mai tsanani, domin likitocin Turai ma sun yi wannan kuskure. Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗori, musamman idan an miƙar da yatsu yaro ya zabura, alama ce ta a kwance nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Na uku gefen gwiwar ƙafa ta waje, inda wani ɗan ƙashi ya turo. Jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta bi ta nan, fata kawai ke rufe da ita. Bakin kara ya kwana a kanta, mutum ya tashi yana jan ƙafa, silifa na suɓuce masa. Ɗan auduga a wurin ya wadatar.

Gwajin duk wannan ba ya cin minti biyu, ba ya buƙatar na'ura. A ce majinyaci ya ɗaga babban yatsa, ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ya ware yatsu biyar. Kowane motsi jijiya daban yake tambaya. A sa ya rufe ido a shafi kan ƙaramin yatsa da manuni da bayan hannu, a ji ko ya ji. A matsa farce ya yi fari, a saki a ga jini ya dawo nan da nan. A yi kafin a ja, a sake bayan an ɗaure, a sake da safe, kuma a bar kan yatsu a waje inda uwa za ta riƙa gani. Yin gwajin farko a gaban dangi kariya ce ga maɗori kansa, don kada a ɗora masa abin da hatsari ya riga ya yi.

Jijiyar hannu da ƙafa tana tsirowa idan ta samu hanya, amma a hankali, kusan milimita ɗaya a rana. Tsokar da ke jiranta kuwa ba ta wuce shekara zuwa shekara da rabi kafin ta bushe. Saboda haka wanda hannunsa bai motsa ba bayan wata uku, a tura shi Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko asibitin ƙashi na Wamakko, a duba shi a fara masa gashi.

Laka ita ba ta tsirowa. Wanda ya faɗo daga giginya ko mota ta yar da shi, yana kukan wuya ko gadon baya, yana cewa ƙafafu sun yi nauyi ko fitsari ya ƙi fita, ba a jan wuyansa, ba a murza bayansa, ba a zaunar da shi. Jijiyar da ke motsa numfashi daga wuya take fitowa, ja ɗaya na iya tsayar da ita. A cire ƙyaure a shimfiɗe shi a kai, mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu, uku su ɗaga jiki gaba ɗaya kamar gungume. Kada a naɗe shi a bayan Keke Napep. A nemi motar da zai kwanta a miƙe, a kai shi asibiti mafi kusa, daga can su san ko za a wuce da shi sashen fiɗar ƙwaƙwalwa da laka na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Wassalam, daga Gesse, Birnin Kebbi.