Agustin, Faɗuwar Roma da Ma'anar Neman Abin Sama

A watan Agusta na shekarar 410, mayaƙan Gotawa ƙarƙashin sarkinsu Alarik suka kutsa cikin birnin Roma, suka kwana uku suna wawashe shi. Kusan shekara 800 ke nan rabon da baƙi su ci birnin da yaƙi, saboda haka labarin ya girgiza daular baki ɗaya. Masu bin addinin gargajiya na Romawa suka ɗora wa Kiristoci laifi: sun sa an watsar da allolin kakanni, koyarwarsu kuma ta sanyaya wa jama'a gwiwa wajen kare ƙasa. Zargi na biyun nan bai mutu ba har yau. Ana yawan cewa mutumin da ya kafa zuciyarsa a kan madawwamin abu ba zai tsinana wa al'ummarsa komai ba.

Nassoshin da ake kafa hujja da su sanannu ne. A sura ta 3 ta wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, Manzo Bulus ya bukaci masu bi su mai da hankalinsu ga al'amuran sama. A Matiyu sura ta 6, Yesu Almasihu ya bambanta dukiyar da asu, tsatsa da ɓarawo ke iya taɓawa da wadda ba sa kaiwa gare ta. A Luka sura ta 12 akwai misalin manomin da ya yi shirin rushe rumbunansa ya gina manya, alhali a daren nan za a karɓi ransa. Wanda ya tsaya a nan zai zaci an umarci Kirista ya naɗe hannu. Wannan gurguwar fahimta ce, kuma amsar da Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya bayar ta fi ta ƙarfi.

Ya fara rubuta littafinsa Birnin Allah a shekarar 413, bai kammala kashi 22 ɗinsa ba sai wajen 426. Jigonsa shi ne birane biyu ne ke tafe cikin tarihi, ƙauna iri biyu ta gina su: son kai da ke kai mutum ga raina Allah, da son Allah da ke kai shi ga ƙasƙantar da kansa. Babu ganuwa tsakaninsu. Mazaunansu a cakuɗe suke a kasuwa ɗaya, har ma a ikilisiya ɗaya. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya fifita. A wani littafin nasa ya bambanta abin da ake amfani da shi da abin da ake ƙauna don kansa. Bafatake yana gyara zango, ya ba jakinsa ruwa, ya biya mai masauki, amma bai manta cewa gobe zai ɗaura kaya ba. Wautar ita ce ya mai da zango gida. Bahaushe ma da ya kira duniya budurwar wawa, bai hana kowa noma ba.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin aikin Agustin. Wani babban kwamandan Roma a Afirka, Bonifas, ya so ya ajiye takobi ya shiga zaman ibada bayan rasuwar matarsa. Agustin ya hana shi, ya nuna masa cewa tsaron jama'a shi ne hidimarsa. Bishop ɗin da ake zato zai yi murna da sabon mai gudun duniya, shi ne ya mayar da shi bakin daga. Bulus ma haka ya yi: ya tsawata wa wasu Tasalonikawa da suka daina aiki, shi kansa kuma ɗinkin tanti yake yi don ya ci da kansa. Sura ta 3 ɗin nan ta Kolosiyawa, da ta fara da sama, da zancen zaman iyali da aiki ta ƙare.

Haɗarin da ya fi kusa a yau ta ɗaya gefen yake. A majami'u da dama na Afirka ta Yamma ana wa'azin da ke auna bangaskiya da mota da gidan bene, har talaka ya koma gida yana zargin kansa da raunin imani. Wannan ya juya tsarin Agustin a baibai: Allah ya zama hanya, dukiya ta zama masauki. Ba a rasa uzuri ga mai jin yunwa da ya roƙi abinci, addu'ar da Almasihu ya koyar ma tana ɗauke da wannan roƙo. Laifin na mai wa'azin ne da ya san nassi ya karkatar da shi.

Posidiyus, abokin Agustin da ya rubuta tarihinsa, ya ce ya taɓa sa a narkar da kwanonin ibada na ikilisiya don a fanshi fursunoni, a kuma taimaki matalauta. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal na kewaye da Hippo, Bonifas na cikin garin yana kare shi. Bai bar wasiyyar gado ba, domin ba shi da abin rabawa, sai dai umarnin da ya saba bayarwa cewa a adana ɗakin littattafan ikilisiya saboda masu zuwa.